Zanen tayil a Iznik: abin da hannu ya koya

Iznik ƙaramin gari ne a bakin tafki, a lardin Bursa na ƙasar Turkiyya. Daga nan aka yi tayil sama da 20,000 da suka ƙawata Masallacin Sultan Ahmed na Istanbul. Na zauna a wani ɗakin sana'a a garin na zana tayil da hannuna, na kuma ga yadda ake haɗa shi tun daga tushe.

Ba yumɓu zalla ba ne. Kashi 80 cikin ɗari niƙaƙƙen farin dutse ne mai tauri, kashi 10 farar ƙasa, sauran kashi 10 garin gilashi. Kwaɓin ba shi da danƙo, don haka danna shi ake yi a cikin mazubi. A inuwa ake shanya shi, sannu a hankali, domin in gefe ya riga tsakiya bushewa sai ya karkace. Sai a shafa masa farin ruwan dutse mai laushi, a yi gashin farko.

Zanen yana kan takarda, an bi layukansa da allura an huhhuda. Na ɗora takardar a kan tayil, na bubbuga ƙullin garin gawayi, ɗigo-ɗigo suka fito. Gawayin yana ƙonewa a wuta, ba ya barin tabo. Daga nan sai bin ɗigon da baƙin launi da siririn burushi. Nan ne aikin yake. Tayil ɗin yana shanye ruwa nan take, in hannu ya tsaya a tsakiyar layi sai launin ya taru wuri ɗaya, kuma gogewa tana ɓata farin. Gwanin da ya koya mini yana jan ganye guda ne a numfashi ɗaya, ƙaramin yatsansa a dogare a gefen tayil. Ba ya taɓa fuskar tayil da tafin hannu, saboda maiƙon jiki yana hana ruwan gilashin da ake rufe zanen da shi a ƙarshe kamawa.

Launuka kuwa yaudara gare su. Shuɗin da ake samu daga ma'adinin kobal kafin gashi dishi-dishi yake, kusan ruwan toka, sai mutum ya ga kamar bai ji ba ya ƙara, ya fito baƙi-ƙirin. Launin da ake samu daga tagulla yana son malala a wuta, shi ya sa ba a cika shi har bakin layi.

Jan ne ya fi wuya, kuma a ganina da shi ake gane gwani. Jar ƙasa ce mai ƙarfe a ciki, ana ɗiga ta da kauri kamar kunu har ta yi tudu, yatsa ya ji ta bayan gashi. In ta yi ruwa, sai ta fito ruwan ƙasa. In kaurin ya wuce kima, sai ta tsage ta ɓare. Wannan jan ya fara bayyana a tayil ɗin Masallacin Sulaimaniyya da aka kammala a 1557. Bayan sana'ar ta durƙushe a Iznik a ƙarni na 17, garin Kutahya ne ya ci gaba da riƙe ta.

Da an gama zanen sai a zuba ruwan gilashi, zanen ya ɓace gaba ɗaya ƙarƙashin fari. A jera a tanderu ba tare da wani ya taɓa wani ba, a kai zafi wajen digiri 900. Ba a buɗe tanderun sai ya huce da kansa, domin iska mai sanyi tana tsattsaga gilashin, ko ma ta raba tayil ɗin gida biyu.