Lambar da ke jikin ƙofar direba

Ranar Lahadi ɗan ƙanwata ya zo cin tuwo gidana a Dallas, ko hannu bai wanke ba ya miƙo min waya. "Kawu, kalli nan." Hoton tirela ce irin wadda Amurkawa ke yawon hutu da ita, gida guda a kan taya: gado, kicin, banɗaki, sannan a baya gareji mai ƙofar da ake saukewa ta zama gada, a tura babura masu ƙafa huɗu ciki. Sunanta a bakinsu yana nufin mai jigilar kayan wasa. Tsawonta ƙafa 40. Ya goga yatsa, sai ga a-kori-kura mai injin dizal, baƙa wuluk. Wai ita za ta ja. Na tambaye shi laba nawa aka rubuta a takardar jikin ƙofarta. Ya ce wace takarda? Dillali ya ce tana jan laba 20,000.

Tuwon ya fita raina, don kalma a kan kalma abin da na faɗa wa matata ke nan a 2016.

A lokacin na yi shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan ban taɓa hutun kirki ba. Aiki, gida, aika kuɗi gida, aiki. Wani abokin aikina Bature ya kai ni wani wuri a Oklahoma kusa da garin Waynoka, sunansa Little Sahara, tudun rairayi ne zube a tsakiyar gonaki, mutane na tsere a kai da babura. Na yi dariyar sunan, don wanda ya taɓa zuwa Agadas ya san wannan ko jikar Sahara ba ta kai ba. Amma da na cire takalmi na taka yashin nan da zafinsa, wani abu ya motsa min a ƙirji. Na ce sai na kawo 'ya'yana. Har yau ban ga laifina a wannan niyyar ba. Yaran da aka haifa a nan, ba su san komai ba sai kwalta da na'urar sanyaya ɗaki, uba ya so su taka ƙasa, ina aibun?

Motata a lokacin ƙaramar a-kori-kura ce, ajin da suke kira rabin tan. Aji uku ne aka fi sani a kasuwa: masu lamba 150 ko 1500, sai masu 250 ko 2500, sai manya masu 350 ko 3500, waɗanda wasunsu taya huɗu gare su a baya. Tawa a ajin farko take, kuma tallarta ta ce tana jan laba 11,000. Tirelar da na gani an rubuta 7,600. Na yi lissafin ɗan firamare, na ga rarar 3,400, na sa hannu. Mai sayarwa ya leƙa motata ta taga ya ce za ta ja ba matsala. Shekaru na yi ina ɗora masa laifi. To amma shi tirela yake sayarwa, kuma bai yi ƙarya ba, ta ja ɗin. Ni ne ban tambayi ko za ta ɗauka ba.

Ja daban, ɗauka daban. Tirela ba a kan tayoyinta kaɗai take tsaye ba, bakinta yana danne ƙugiyar mota, kuma ana son wannan dannawar ta kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Duk wannan a kan motar yake sauka, tare da kai direba, da iyalinka, da kular ƙanƙara, da ita kanta ƙugiyar ƙarfen. Iyakar abin da motar za ta ɗauka yana rubuce a wata 'yar takarda mai ratsin ruwan ɗorawa, manne a ginshiƙin ƙofar direba. Kullum sai na buɗe ƙofar nan, shekara biyu, ban taɓa sunkuyawa na karanta ba. Laba 1,480 aka rubuta. Ita kuwa lambar talla, gwajin da kamfanoni suka amince da shi, wanda manyansu suka koma kansa wajen 2015, yana ƙaddara mutum biyu ne a motar, kowa laba 150. Ni kaɗai na haura 200, ga uwargida, ga yara uku.

Shi ma 7,600 ɗin nauyin tirela ce wayam, yadda ta fito daga masana'anta. Tankin ruwanta galan 100 ne, kowane galan laba 8 da ɗoriya, ka ga sama da 800 ke nan kafin a saka cokali. Ga tankin fetur na babura, ga tukwanen gas, batura, janareta, babura biyu, buhun shinkafa, tukwanen uwargida da ta rantse ba za ta ci abincin gwangwani a daji ba.

Da na haɗa su a ƙofar gida, bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga kamar raƙumi zai tashi. Maƙwabcina ya tsaya da karensa yana kallo, ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu na ce na sani. Ban sani ba. Kuma ga abin da ya fi ci min rai: dabara na yi. Na ce tunda gaba ne ya yi nauyi, bari in mayar da kaya baya. Garejin irin wannan tirela a bayan tayoyi yake, don haka duk abin da ka tura can yana ɗaga bakinta. Na tura baburan har jikin ƙofa, na bi su da janareta da jarkoki. Mota ta miƙe tsaf. Na kira matata ta zo ta ga aikin injiniya.

Mun haye Red River mun shiga Oklahoma lafiya, a kan babbar hanya mai lamba 35. Bayan Ardmore akwai tuddan Arbuckle, ba wasu duwatsun a zo a gani ba ne, amma akwai gangare, ga iskar jihar nan da ba ta hutawa. Muna sauka wata babbar mota ta wuce mu ta hagu. Na ji kamar an kama wutsiyar motar an ja gefe. Na duba madubi, sai na ga gefen tirelar gaba ɗaya, rubutun jikinta har ina iya karantawa, abin da bai kamata direba ya gani ba. Ta koma ɗaya gefen, ta dawo, kowace dawowa ta fi ta baya faɗi. Sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ƙaramar 'yata tana dariya, ta ɗauka wasa nake. Matata salati kawai take yi.

Ƙafata ta tafi birki, wanda shi ne zai ƙarasa mu. Abin da ya tsayar da ita ban san shi ba sai ikon Allah. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasan sitiyari da ke kama birkin tirela ita kaɗai, wanda yaron da ya ɗaura min ya nuna min a gurguje ina amsa waya. Na matse shi, na ɗaga ƙafa daga totur. Tirelar ta ja mu baya, ta miƙe. Na gangara gefen hanya na zauna, hannuna ya ƙi sakin sitiyari.

Wani lokaci nakan ce ai ban yi gudu ba, ai iska ce, ai direban babbar motar ya matso ni da yawa. Duk gaskiya ne. Amma washegari na hau sikelin da ke tashar manyan motoci, kuɗin ko na abincin rana bai kai ba, takarda ta nuna bakin tirelar bai kai kashi 8 cikin ɗari ba. Da na mayar da kaya inda ya dace, sai mota ta haura iyakarta da sama da laba 600. Ko ta ina na bi, a cikin kuskure nake. Na sayar da motar da asara, na ci bashin babba, na yi shekara biyar ina biya.

Na so in zaunar da yaron nan in jera masa abubuwa goma. Da na buɗe baki, kaɗan suka fito.

Na ce je ka buɗe ƙofar motar, ka ɗauko min hoton takardar. Ba ta intanet ba, ta wannan motar da za ka biya kuɗinta, don kowace da tata lambar, kuma injin dizal da kujerun fata da rufin gilashi duk daga cikin abin da za ta ɗauka suke ci. Tirelar da yake so irin wadda bakinta ke hawa kan gadon mota ce, ita kuwa takan danna kashi 15 zuwa 25 na nauyinta. Cikakken nauyinta 16,000, ka ɗauki kashi 20, laba 3,200 ke nan kafin shi ya shiga ya zauna. Yawancin masu lamba 2500 na dizal ba su da wannan sararin. Ta 3500 ce aikinta, mai taya huɗu a baya in da hali. Kuma a Texas in jimillar iyakar mota da tirela ta haura laba 26,000, lasisin da ke aljihunsa ba zai wadatar ba, sai ya sake jarrabawa.

Yana jina yana danna waya. Wai wani a YouTube yana jan irinta da ƙaramar mota har Colorado. Yaran yanzu, mutumin da ba su san ko sunansa na gaskiya ba ya fi kawunsu da ya ga mutuwa a madubi. Wanda ya kife ai ba ya ɗora bidiyo.

Sai na ce masa ya sayi babbar kawai ya huta. Can kuma na tuna shekara biyar ɗin nan, da yadda nake zagaya wurin ajiye motoci ina neman inda za ta shiga, da kuɗin taya shida, na ce kai, kada ma ka sayi komai, yi haya sau biyu a shekara, ka tara kuɗinka ka yi aure. Ya ce, "Kawu, to wanne zan ɗauka?" Na ce duka. Uwarsa ta yi dariya daga kicin, ta ce ai ni ma ban ji maganar kowa ba. Na ce ita ba a da ita a wannan zancen.

Da zai tafi na raka shi har mota, na buɗe ƙofar tawa na nuna masa takardar da yatsa, ya sunkuya ya karanta, ko don ya rabu da ni ne. Na ce duk ranar da ya haɗa, kafin ya ɗauki kowa, ni da shi za mu je sikeli, ni zan biya.

Yau Alhamis. Hoton bai iso ba tukuna, sai wani da ya turo jiya da dare na tayoyi masu ƙyalli, yana tambaya ko baƙi sun fi kyau ko na azurfa.