Harsashi ɗaya da ya rage a cikin bindiga

Duk ƙannenmu da sunansu ya fito a ɗaukar kuratan ɗan sanda, in sun kira ni tambayarsu ɗaya ce, wai yaya wahalar take, gudun asuba ne ko fareti ko abinci. Toh duk akwai, kuma duk za su wuce, wata shida ne, ƙafa za ta kumbura ta saɓe, murya za ta dishe ta dawo. Ko Kaduna aka tura ka ko Maiduguri ko Ikeja ko Oji River, ko ɗaya daga cikin ƙananan makarantun horo irin wadda aka kai mu, waɗannan ba su ne abin tsoro ba. Abin da nake so su tambaye ni amma ba sa tambaya shi ne yadda ake sauke harsashi daga bindiga, don a nan ne na ga mutum ya rasa aikinsa kafin ƙiftawar ido, ni kuma saura ƙiris na rasa ƙafa.

Ranar harbi ce, an kai mu renj, wato filin koyon harbi, tun da sanyin safiya amma layi bai zo kanmu ba sai da rana ta take. AK-47 ce, wadda kowa ya sani, magazin ɗinta, wato gidan harsashi, na cin harsashi 30 amma mu 'yan kaɗan aka ƙirga mana. Muka kwanta muka harba, aka busa usur aka ce a tsaya a sauke. Wanda ke damana abokina ne, gadonmu ɗaya sama da ƙasa, kuma wallahi duk sikwad ɗinmu babu wanda ya kai shi ƙoƙari a aji, sassan Penal Code, dokar hukunta laifuka, a kansa suke kamar karatun allo. Bai ƙarar da harsashinsa ba lokacin da usur ya tashi. Maimakon ya fara cire magazin sai ya fara jan hannun ɗana bindigar baya, harsashi ɗaya ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, ya gani da idonsa, ransa ya ba shi cewa shi kenan ta zama fanko. Bai tuna cewa da ya saki hannun, bindigar ta sake ɗauko wani daga magazin ta tura ciki ba. Sannan ya cire magazin ɗin, ya ɗan juyo gefena yana neman wanda ya faɗi, ya danna kunama.

Ban ji ƙarar yadda ake ba da labari ba, kunnena ne kawai ya toshe, ƙasa ta watso min a fuska, sai na ji ƙaurina ya ɗauki zafi. Harsashin a ƙasa ya nutse dab da takalmina, tsakuwar da ya fasa ce ta yanke ni. Abin da ke fita da gudun sama da mita 700 a sakan ɗaya, da bakin bindigar ya ɗaga da faɗin tafin hannu da yanzu wani zancen ake. Saje mai kula da layinmu ya fizge bindigar, hannunsa na rawa, ya ce “kai yaro ka san abin da ka yi kuwa?” Abokina ya kasa cewa komai sai “Yallaɓai na ga ya fita, wallahi na ga ya fita.” Kuma gaskiyarsa ne, ya ga ya fita. Na farkon ne ya fita.

Aka kai shi gadurum, aka yi masa shari'ar cikin gida, aka sallame shi ana saura 'yan makonni a yaye mu. Na je na roƙa masa tunda ni abin ya shafa kuma na yafe, aka ce min wannan ba maganar yafiyata ba ce. A lokacin na ji haushi sosai, yanzu da nake tsayawa a hanya da bindiga a kafaɗa na gane dalilinsu, amma haushin bai tafi duka ba, ya dai koma wani wuri. Don in za a faɗi gaskiya awannin da muka ɓata a fareti da yankan ciyawa sun ninka waɗanda muka yi da bindiga a hannu nesa ba kusa ba. Bindigogin koyo kaɗan, mu kuma tuli, kafin ta zagayo hannunka an tashi. An faɗa mana tsarin, ba zan ce ba a faɗa ba, har waƙarsa muka yi. Amma abin da baki ya haddace daban, abin da hannu ya saba da shi daban, kuma ranar da yunwa da rana da ihun oga suka haɗu a kanka hannu ne ke aiki.

Don haka ka riƙe wannan tun kafin ka tafi. Bakin bindiga ya kalli inda ko ta tashi ba za ta taɓa kowa ba, yatsa a miƙe a wajen kunama. Magazin ake fara cirewa, shi ne farko, kullum shi ne farko. Sannan ka sauke sefti, wato makullin da ke hana bindiga tashi, don a AK in yana sama hannun ba zai ja har ƙarshe ba, ka ja baya ka riƙe, ka leƙa ramin harsashin da idonka ka tabbatar babu komai, kar ka wadatu da ganin wani abu ya faɗo. In ka juya wannan jerin ka ɗana bindiga ne kana zaton ka sauke ta, kuma cire magazin daga baya ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga.

Mutane da yawa a bariki sun ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga abokan aiki a bayan Hilux sun ɗora bindiga a cinya bakinta na kallon motar da ke biye da su, ko a shingen bincike mutum na magana da direba yatsansa na kan kunama, mata da yara a kujerar baya. In abu ya faru sai ka ji an ce bindiga ce ta tashi. Ni na kwanta kusa da wadda ta tashi, yatsa ne ya danna ta.

Ɓangaren aji ma kar ka yi barci a ciki, ko da yake na san ido ba ya buɗuwa bayan gudun asuba. Force Order 237 ita ce dokar amfani da bindiga, an sabunta ta a 2019, kuma jigonta shi ne ba ka harbi sai ran wani ko naka na cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni nan take kuma babu wata hanya. Ba don mutum ya zage ka ba, ba don ɗan acaɓa ya ƙi tsayawa ba. Kafin bindiga akwai baki, akwai ankwa, akwai kulki, akwai barkonon tsohuwa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, sai ka gaya wa mutum dalilin kama shi da haƙƙinsa na yin shiru har ya ga lauya. Tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24, ko 48 in kotun na da nisa, dokar 2017 kuma ta mai da azabtarwa laifi, beli kyauta ne. Duk wanda ya ga zanga-zangar EndSARS da aka yi a ƙasar nan a Oktoban 2020 ya san inda raina waɗannan abubuwa ke kai mu. Abokina duk ya san su fiye da ni, shi ya riƙa yi min bita da dare da tocila, da an bar shi da ya yi ɗan sanda na kirki, wannan ne ke ci min rai har gobe.

Yanzu duk lokacin da na je karɓar bindiga a ma'ajiyar makamai, kafin na sa hannu a rajista sai na cire magazin na ja na leƙa, na ƙirga harsashina ɗaya bayan ɗaya a gaban mai ajiya, haka in zan mayar. Akwai wani Sufeto da ya taɓa miƙo min tasa ya ce babu komai a ciki, na ce Yallaɓai a yi min haƙuri, na duba a gabansa. Ya ɓata fuska ya ce ban yarda da shi ba ne, na ce ba haka ba ne ranka ya daɗe, ko tawa ce na ajiye na je na yi alwala na dawo sai na sake dubawa. In kun isa makaranta aka zo darasin makami kar ku tsaya a bayan layi kuna jin kunya, ku matsa gaba, ku roƙi Saje ya bar ku ku maimaita cirewa da dubawa ko da lokacin hutunku ne zai tafi, kuma in na kusa da kai ya fara kai hannu wajen ja alhali magazin na jiki, ka ɗaga murya ka tsayar da shi ko da za a hore ku ku biyun.