Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na yanke rufin mota

Makon jiya mun tsaya inda na sayi tsohuwar Volkswagen T4 a hannun masu lodin kaya zuwa Afirka a Billstraße, nan Hambug. Caravelle ce ta fasinja, samfurin da aka daina ƙerawa a 2003. Maman yara ta ɗauka Kwatano zan tura ta. Ni kuwa tun da na ga Jamusawa suna ɗaga rufin motarsu tanti ya miƙe, yara su haye sama su kwanta, abin ya tsaya min a rai.

Cire kujeru ba komai ba ne. Rufin ne aiki. Ƙarafunan da suka gitta shi su ke riƙe da bangon mota, kana yanke su jikin ya saki. Kawu, Allah ya jiƙansa, kullum faɗi yake a garejinmu na Ƙofar Ruwa: "Kada ka yanke abin da ba ka tokare ba." Sai da na tokare ciki, na zana layi, sannan na sa injin yanka. Hannuna bai yi rawa ba. Na goge bakin ƙarfen, na shafa maganin tsatsa, na zaunar da firam ɗin ƙarfafawa, kafin murfin faiba da tamfol su hau.

A garejin nan na Ƙofar Ruwa ne Yaya ya taɓa samuna da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ce wa abokansa, "Ga ɗan bugun gwangwanin gidanmu." Suka yi dariya. Kawu bai ɗago kai ba. Shi Yayan da ya raba gidan Baba tun Inna na takaba, wa ya tokare kafin ya yanka?

Jamus ba a yanka mota a hau titi haka kawai. Sai injiniyan TÜV, masu duba lafiyar motoci, ya duba, ya ga takardar shaidar ingancin sabon rufin. Kafin a mayar da ita motar kwana a takarda kuma, dole a ga gado, tebur, murhu a kafe da wurin ajiye kaya. Bajamushen ya shafa bakin firam ɗin da yatsa, ya tambaye ni inda na koyi aiki. Na ce Kano, wurin Kawuna.

Yaya ya ga hoton motar a WhatsApp na gida. Har yau bai ce uffan ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku daren farko da muka kwana a cikinta, da rigimar da murhun gas ya jawo tsakanina da maman yara.