Audugar Bt da ƙwarin da ba ta kashewa

Tun da gwamnatin Najeriya ta amince da fitar da irin auduga guda biyu da aka sauya wa ƙwayar halitta a shekarar 2018, waɗanda kamfanin Mahyco ya samar tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ana yawan faɗa wa manoma cewa zamanin feshi ya wuce. A ganina wannan magana ta wuce gona da iri.

Abin da aka sa a jikin wannan auduga sinadari ne da aka samo daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasa, wadda ake kira Bt a taƙaice, wanda idan tsutsa ta ci ganye ko ƙwallon audugar sai ya lalata mata hanji ta mutu. Aikinsa a kan tsutsa ya tsaya. Ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, irin su darɓa da farin ƙuda, ba ya yi musu komai, kuma sau da yawa su ne ke ƙaruwa idan manomi ya ajiye abin feshi. A jihar Punjab ta Indiya, farin ƙuda ya yi mummunar ɓarna a shekarar 2015 a gonakin da galibinsu audugar Bt ce. Saboda haka zagayen gona kowane mako, ana ɗaga ganye ana duba ƙarƙashinsa, yana nan daram, kuma sai ƙwarin sun kai yawan da malamin gona ya ƙayyade ake feshi, domin kada a kashe ƙwari masu amfani da ke cin darɓa.

Babban abin da ya fi damuna shi ne tsutsar kanta tana iya sabawa da sinadarin. Indiya ta fara noman wannan auduga a 2002, amma wajen 2015 jar tsutsar ƙwallo ta riga ta shawo kan irin Bollgard II, wato audugar Bt mai ɗauke da sinadari iri biyu kamar wadda aka fitar a Najeriya, a jihar Gujarat. Daga cikin dalilan akwai ƙin shuka layukan auduga ta gargajiya a gefen gona, inda tsutsar da ba ta saba ba za ta rayu ta yi barbara da wadda ta fara sabawa, ƙarfin jurewar ya ragu a zuriyarsu. Manomi mai ƙaramar gona yana kallon waɗannan layuka a matsayin asara, kuma ban ga laifinsa ba idan ba a yi masa bayani ba. Amurka, inda aka tilasta wannan ƙa'ida daga baya kuma aka koma ga sakin malam-buɗe-littafin tsutsar da aka hana haihuwa, ta sanar da kawar da jar tsutsar ƙwallo a 2018.

Manoman Funtua da Gusau da Malumfashi suna da wani makami da suka gada, wato tumɓuke karan auduga a ƙone bayan tsinka, domin tsutsar tana ɓoyewa a cikin ragowar ƙwallo da angurya har damina ta zagayo. Haka nan bai dace a sake shuka anguryar da aka samu daga wannan auduga ba, saboda aurarren iri ne, kuma a zuriya ta biyu wasu tsirran za su fito da sinadari guda ɗaya ko ma babu, yanayin da ke ba tsutsar damar sabawa da wuri.