Ƙurjin da na ɗauka cizon sauro ne

A tsakiyar damina abin ya faro wa autata, 'yar shekara 3. Ɗan ƙurji ne ja a ƙasan hancinta, daidai inda majina ke zama. Na ce sauro ne ya cije ta ta sosa. Kwana biyu ya ɗuri ruwa, ya fashe, ya yi ɓawo kamar an ɗiga zuma ta bushe. Kafin sati ya zagayo ya watsu zuwa haɓa da gefen baki.

Surukata ta duba ta ce, "Zafi ne kawai, 'yar nan, shafa mata man kaɗe." Na shafa. Da na ga shiru, na aika kemis aka sayo min irin man nan da ake cewa yana maganin komai, ƙaiƙayi, makero, har da gyaran fata. Jan ya lafa kwana ɗaya, ina murna, ashe kwanton ɓauna ya yi.

A asibiti likita ta karɓi kwalin man, ta juya bayansa ta nuna min: akwai sitiroyid a ciki, mai kwantar da ja amma ya kashe wa fata ƙarfin kare kanta. Ta ce sunan ciwon imfetigo, ƙwayoyin bakteriya ke kawo shi, suna shiga ta inda fata ta ɗan tsage, kuma ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5 a lokacin gumi. Ta rubuta mupirocin, man shafawa mai kashe ƙwayoyin bakteriya, sau 3 a rana, kwana 5. Da ya fi haka yawa ko akwai zazzaɓi, da sai an haɗa da na sha.

Shafawar ba wuya. Ɓawon ne aiki. Nakan jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi da sabulu, in ɗora har ya yi laushi ya fita da kansa, ita kuwa tana tsala ihu, "Umma, da zafi!" Na yanke mata farce tas, na ware mata tawul da matashi, na hana ta Islamiyya kwana 2. Duk da haka sai da yayanta ya ɗauka a hannu, don katifa ɗaya suke kwana.

A rana ta 3 wurin ya bushe, har zuciyata ta ce in daina, amma na daure na cika kwanakin. Likitar ta kuma ja min kunne: in sa ido na 'yan makonni, in fuskarta ta kumbura da safe ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi, in dawo da ita ba ɓata lokaci, don ko da yake ba kasafai ba, ciwon na iya taɓa ƙoda. Shi ya sa har yau nake leƙa fo ɗinta kowace safiya kafin in zubar.