Godiya ga duk wanda ya tsaya muna a jinyar Baba

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jama'a wallahi a gajiye nike, amma raina ba zai kwanta ba sai na yi wagga godiya. Kun san duk abin da munka shiga tun ranar da hawan jini ya kada Baba ɓarin jikinshi na hagu ya shanye, ba sai na maimaita ba.

Magana ta gyaru, hannu ya fara kama kofi, amma ƙafar nan ta ƙi ɗagawa daga idon sawu, yatsu na jan ƙasa, bakin tabarma kaɗai ya isa ya harɗe shi. Takalmin roba mai tauri da anka fara sa mashi, wanda ke riƙe ƙafa tun daga ƙwauri har tafi, ya taimaka, sai dai da zafin Sakkwato da zufa bai iya daɗewa da shi. Nan ne ɗan ƙanwar Inna da ke Kaduna, wanda na san ba ya son a faɗa amma sai na faɗa, ya nemo muna 'yar na'urar da ake ɗaurawa ƙasan gwiwa. Da kuɗinshi ya saya, bai shawarci kowa ba. Allah ya buɗa mashi ta inda bai zata ba.

Ranar gwaji ce ba ni mantawa. Likitan gashi da ke duba Baba a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) ya fara tambaya ko Baba na da na'urar bugun zuciya a ƙirji, don mai ita ba a sa mashi wannan, munka ce babu. Ya yi bayani cewa akwai ɗan abu da ake sawa cikin takalmi ƙarƙashin diddige, da an ɗaga diddige sai na'urar ta aika 'yar wuta ga jijiyar da ta bi ta gefen gwiwa, naman gaban ƙwauri ya ja ƙafa sama, in diddige ya taka ƙasa ta ɗauke. Baba na jin an ce wuta ya riƙe hannuna gam, jikinshi na rawa, ya ce ɗiyata kada ki bari su ƙona ni. Bawan Allah nan bai yi gardama da shi ba, ya naɗe wandonshi ya manna abin a tashi ƙafar, ya kunna, ya ce Baba duba, kamar tafiyar kiyashi ce kawai. Sannan ya durƙusa ƙasa ya sa ma Baba takalmi da hannunshi. Da yatsun nan sunka tashi daga ƙasa Inna ta saki salati, ni ko kuka ya kece mani gaban mutane. Likita, Allah ya jiƙan magabatanka, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lahiya.

Maƙwabcinmu mai sola da ke yi muna cajin na'urar in babu wuta, mai Keken da ke ɗaukar mu daga Mabera bai taɓa ƙorafin jira ba, Malam Liman da jama'ar masallacin unguwa, matan layinmu da sunka riƙe muna girki, Allah ya biya ku da Aljanna Firdausi, ya tsare ku da irin wanga ciwo, ya sa kada ku ga ranar da za ku rasa mai tallafa maku. Akwai 'yan uwa na jini cikin garin nan da ko waya ba su yi ba, kuma Baba da bakinshi ya tambaye su, abin ya yi mani ciwo ƙwarai, na bar shi nan.

Har yanzu da sauran aiki, in anka cire na'urar don alwala ƙafar na komawa ta faɗi, motsa jiki da maganin hawan jini kullum ne babu fashi. Masu zuwa dubiya don Allah ku bari sai bayan la'asar, da safe yana atisayen tahiya. Ku ci gaba da sa shi cikin addu'a, Allah ya ba duk marasa lahiya sauƙi, amin.