Babin da aka ce in cire

Na kammala digirina na biyu a fannin tarihi, kundi ya shiga ɗakin karatu, don haka yanzu bakina ya buɗe. Masu tambayata shawara kan binciken tarihin iyali, ga abin da na tsinta.

Aikina a kan kakana ne na wajen uba, mutumin wani ƙauye a lardin Zariya na da, wanda ya yi aikin kuza a Jos sannan ya je yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. A gidanmu labarin a gajarce yake: wai saɓani ya yi da mahaifinsa, ya shiga uwa duniya, sai bayan yaƙi ya dawo da tari da lambar soja. Haka muka tashi muna ji, har ana yi wa duk yaron da ya cika yawo gorin cewa ya gado shi.

Babi na biyu na kundin na keɓe shi ga halin da Birtaniya take ciki a lokacin. A Disamba 1941 Japan ta afka wa Malaya (wani ɓangare na Malesiya ta yau), ranar 15 ga Fabrairu 1942 kuma Singafo ta faɗi. Malaya ce kan gaba a duniya wajen haƙar kuza, ga shi masana'antun yaƙi ba sa tafiya sai da ita. Da ta suɓuce, sai Landan ta waiwayo tudun Jos. A 1942 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas a ma'adinan kuza, aka ɗora wa En'e-En'e kawo lebura, umarni ya gangaro daga Razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci. Mutanen ƙasa mai zafi aka kwasa zuwa sanyin tudu, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bariki, ciwon ƙirji ya yi ta kashe su. Sai a 1944 aka dakatar da tsarin, bayan surutu ya kai majalisar dokokin Birtaniya.

Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro tun daga shafin farko na babin har na ƙarshe. Ya ce, "Kai tarihin kakanka aka sa ka ko na Churchill? Wannan duk cikon takarda ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba za a gane dalilin fitarsa daga gida ba sai da shi." Ya ce ɗalibi ba ya koya wa malaminsa tarihi, kuma in ina son sa hannunsa in cire. Wanda ya yi digiri a ƙasar nan ya san ma'anar wannan magana. Na cire.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a lokacin ina da shaida a hannu. Wani tsoho sa'an kakana, wanda Allah ya yi wa tsawon rai, ya gaya mini da bakinsa cewa dagaci ne ya rubuta sunayensu a shekarar da aka ɗebi mutane zuwa Jos, kuma gidan da ba shi da abin ba da baki shi ake fara shiga. Rahotannin lardi da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna sun nuna an yi ɗiban a daidai wannan lokaci. Ban ga sunan kakana a takarda ba, kuma ban yi iƙirarin na gani ba. Amma shekara ta dace, hanya ta dace, tarin da ya dawo da shi ma ya samu bayani. Mutumin da aka shafe shekaru ana kira ɗan gudun gida, ashe ɗaukarsa aka yi saboda wani tsibiri da bai taɓa jin sunansa ba ya faɗa hannun Japan.

Ranar kare kundi, tambayar farko da mai jarrabawa daga waje ya jefo ita ce: me ya kai manomi Jos a 1942? Kafin in buɗe baki malamina ya karɓe, ya ce shi ma ya sha gaya mini in ƙara bayanin abin da ke faruwa a Birtaniya, amma yaran yanzu ba sa jin magana. Na dube shi, ya dubi agogonsa. Aka rage mini maki, aka ba ni gyara: in rubuta babin da tuni yake kwance a kwamfutata.

Sauran darussan ba su da tsawo. Shigar kakana soja ma tana da tushe a can: Birtaniya na ƙarancin mayaƙa a gabas, shi ya sa a 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Yammacin Afirka, dukansu sun yi yaƙi a yankin Arakan na ƙasar Bama, ta 82 ɗin ta shiga garin Myohaung a Janairu 1945. Littattafan yau da kullum na rundunonin suna ma'ajiyar Kew a Landan, sai dai hafsoshin Turawa suka fi ambata da suna, don haka a fara neman lambar soja da bataliya tukuna. Lambar yabo ta Burma Star tana tabbatar da an je fagen, ba ta faɗin a ina aka tsaya. Tsofaffi da aukuwa suke lissafi, ba da kalanda ba, saboda haka a tambaye su "kafin ɗiban Jos ko bayansa?" A naɗi muryarsu da wuri, tsohon da ya ba ni labari ya rasu kafin in kare kundin.

Duk gyaran da malami ya yi muku, ku nemi ya kasance a rubuce, da kwanan wata, ku adana takardar mai jan biron. Tawa tana nan. An ce in saka sunansa a shafin godiya domin haka al'adar sashen take, na saka, layi ɗaya, a ƙasan na mai buga takardu.